Digiri na biyu a bayo'infomatik: shirin shekara guda kafin neman gurbi

A shekarar 2010 aka fara yi wa jama'a allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Cikin 'yan shekaru, nau'in A na cutar sanƙarau, wanda ya daɗe yana addabar yankin Sahel a lokacin rani da bazara, ya kusa ɓacewa. Sai ga nau'in C ya ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya a 2013. A 2015 ya ɓarke a Nijar, inda aka ƙirga mutum fiye da 8,000 da ake zargin sun kamu. A kakar 2016 zuwa 2017 adadin ya wuce 14,000 a Najeriya, Zamfara ce kuma ta fi jin jiki.

Daga ina wannan ƙwayar cuta ta fito? An samo amsar ne bayan an karanta dukan bayanan gadonta, aka kwatanta su da na danginta a kwamfuta. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa asalinta wata bakteriya ce da ke zaune a maƙogwaron mutane ba tare da ta sa su ciwo ba, sai ta samo wasu ƙwayoyin gado daga waje, ciki har da masu gina kwanson da ke kare ta daga garkuwar jiki. Wannan aiki na kwatantawa da fassarawa shi ake kira bayo'infomatik, masu Faransanci kuma su ce biyo'anformatik.

Ɗalibai da dama daga Yamai, Garwa, Njamena, Tamale da Kano suna sha'awar yin digiri na biyu a fannin, wato abin da makarantun Faransanci ke kira masta. Masu tantance takardu suna neman shaidar cewa mai neman gurbi ya riga ya fara taɓa aikin da hannunsa. Ana iya haɗa wannan shaida cikin shekara guda, daga gida, da kwamfuta matsakaiciya.

Mene ne aikin?

Bayanan gadon kowace halitta suna rubuce a cikin sinadarin DNA, wanda littattafan Faransanci ke rubutawa ADN. Haruffa huɗu kacal ake rubutun da su: A, C, G da T. Jimillar rubutun halitta ɗaya shi ake kira jinom. Na ƙwayar cutar korona haruffa kusan 30,000 ne. Na Plasmodium falciparum, mai haddasa zazzaɓin cizon sauro mafi muni, kusan miliyan 23 ne. Na gero ya kai kusan biliyan 1.8, na ɗan Adam kuma ya ɗan haura biliyan 3.

Na'urorin da ke karanta DNA ba sa karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. Wasu suna fitar da guntaye masu haruffa 150, wasu masu dubbai, kuma guntayen sukan kai miliyoyi. Kamar a ɗauki kofe 30 na jarida ɗaya ne, a yayyaga, a gauraya a buhu, a ce wa mutum ya maido da jaridar yadda take, ya kuma nuna inda ta saɓa da bugun jiya. Babu mai iya wannan da ido da alƙalami. Sai an tsara wa kwamfuta dabarun lissafi, sannan wanda ya san ilimin halitta ya duba ko sakamakon yana da ma'ana.

Misali mafi kusa da mu shi ne cutar sikila. A ƙwayar gadon HBB, wadda ke kan kuromosom na 11, harafi ɗaya ne ya canza: inda ya kamata a karanta GAG sai ya zama GTG. Wannan ya isa ya sauya tubali na 6 a jikin furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, har jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. A daidai wannan gurbi, in GAG ya koma AAG, sai a sami nau'in C, wanda ya yawaita a Burkina Faso da arewacin Gana. Gano irin wannan bambanci na harafi ɗaya cikin biliyoyi shi ne aikin yau da kullum na mai wannan sana'a.

Afirka na da giɓi babba a nan. Wani nazari na 2016 ya gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu asalinsu Turai ne, masu asalin Afirka kuwa kusan kashi 3. Da shirin H3Africa ya karanta jinom ɗin mutum 426 daga ƙabilu 50 na nahiyar, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Ƙofofi biyu, kowace da giɓinta

Ta hanya biyu ake shigowa fannin. Akwai waɗanda suka yi digiri na farko a ilimin halitta, bayokemistiri, aikin gona, haɗa magunguna, likitancin mutane ko na dabbobi. Akwai kuma waɗanda suka fito daga lissafi, ƙididdiga, fiziks ko kimiyyar kwamfuta. Kowane ɓangare yana zuwa da ƙafa ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai ɗingishi.

Ɗalibin ilimin halitta ya san ma'anar furotin, amma sau da yawa bai taɓa rubuta wa kwamfuta umarni ba, kuma ya rabu da lissafi tun shekarar farko ta jami'a. Ɗalibin kwamfuta zai rubuta manhaja cikin awa guda, amma ba zai gane cewa sakamakon da ta ba shi ba zai yiwu a jikin halitta ba. Ɗabi'ar mutum ce ya ci gaba da goge abin da ya riga ya iya, domin nan yake jin daɗi. Shekarar shiri kuwa ta ƙafar da ke ɗingishi ce. Masu tantancewa sun ga ƙarfinka a takardar sakamakon jarrabawa, abin da suke son sani shi ne me ka yi game da rauninka.

Abin da za a koya, bi da bi

Na farko shi ne Linux, musamman baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kai. Kusan duk manhajojin fannin a kansa suke aiki, haka ma manyan kwamfutocin cibiyoyin bincike. Mai Windows ba sai ya goge komai ba, zai iya kunna WSL ya samu Ubuntu a cikin na'urarsa. Ma'aunin ko ka iya mai sauƙi ne: a ba ka fayil mai layi miliyan ɗaya, ka ƙirga layukan, ka ciro waɗanda ke ɗauke da wata kalma, ka jera su, ka adana a sabon fayil, ba tare da ka buɗe shi a Excel ba. Darussan The Carpentries kyauta ne a intanet, kuma mako uku zuwa huɗu sun isa a kama tushe.

Na biyu shi ne harshen rubuta manhaja. Python da R su ne suka mamaye fannin. A fara da ɗaya, a zauna a kansa wata uku kafin a taɓa ɗayan. Python ya fi dacewa da sarrafa jerin haruffa da fayiloli, R ya fi ƙarfi wajen ƙididdiga da zane, kuma yana da rumbun Bioconductor na kayan aikin halitta. Kallon bidiyo kaɗai ba ya koyar da wannan, kamar yadda kallon tela ba ya koya wa mutum ɗinki. Shafin Rosalind yana da tambayoyi jere daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma shi da kansa yake duba amsarka. Ga gwaji na farko mai kyau: sauko da jerin HBB daga rumbun NCBI, ka rubuta 'yan layukan Python da za su fassara haruffan uku-uku zuwa tubalan furotin, sannan ka canza wancan harafi ɗaya ka ga abin da zai faru.

Na uku shi ne ƙididdiga, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe bayan an ɗauke su. Ga misali. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado masu samar da furotin kusan 20,000. A ce ka gwada kowace ɗaya don ganin ko tana da alaƙa da wata cuta, ka kuma yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100 kamar yadda aka saba a aji. Ko da babu ɗaya mai alaƙa da cutar, za ka sami kusan 1,000 da za su fito kamar suna da ita, sa'a kawai. Wanda bai san yadda ake gyara wannan ba zai rubuta kundi guda a kan hayaƙi. Don haka a maimaita ilimin yiwuwar aukuwa, gwajin hasashe, lissafin dangantaka tsakanin ma'aunai, da ɗan aljabra na jadawalin lambobi.

Na huɗu, ga 'yan lissafi da kwamfuta, shi ne ilimin halitta na matakin ƙwayar rai: yadda ake kwafe DNA zuwa RNA, yadda RNA ke zama furotin, yadda haruffa uku-uku 64 ke ba da tubalai 20, yadda gado ke sauka daga iyaye, da yadda canje-canje ke yaɗuwa a cikin al'umma. Littafin shekarar farko ta jami'a ya wadatar. Wanda ke kusa da ɗakin gwaje-gwaje ya nemi izinin zama ko na mako biyu ne, ya ga yadda ake ciro DNA daga jini ko ganye. Daga nan zai fahimci dalilin da ya sa bayanai ke zuwa da datti.

A gefen waɗannan a saba da kayan aikin gargajiya na fannin: BLAST, wanda tun 1990 ake amfani da shi don nemo jerin da suka yi kama da juna, GenBank da takwaransa na Turai ENA, UniProt na furotin, da tsarin fayilolin FASTA da FASTQ. A koyi Git kuma, domin da shi ake adana tarihin aiki.

Kwamfuta, wuta da kuɗin data

Tsoron rashin kayan aiki yana hana mutane da yawa farawa. Gaskiya ne cewa ɗanyen bayanan jinom ɗin mutum guda suna cin gigabait gommai, kuma ba aikin ƙaramar kwamfuta ba ne. To amma ba da jinom ɗin mutum ake koyo ba. Na ƙwayar bairos bai kai girman hoto ɗaya na waya ba, na bakteriya kamar E. coli kuwa haruffa miliyan 4.6 ne. Kwamfutar hannu mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8, ko da ta hannu ce aka saya a kasuwa, za ta ɗauki wannan.

Aikin da ya fi ƙarfinta a kai shi Galaxy. Wannan dandali ne na kyauta, yana da manyan rassa a Turai da Amurka da Ostareliya, kuma lissafin a kan na'urorinsu yake gudana. Dabarar da ke tsimin data ita ce a umarci Galaxy ya jawo bayanai kai tsaye daga rumbun da suke, ba sai an sauke su a gida an sake ɗorawa ba. Ko wuta ta ɗauke ko layi ya yanke, aikin na ci gaba, sai a dawo a tarar da sakamako. Google Colab ma yana ba da damar gudanar da Python daga burauza. Darussa da littattafai kuwa a sauke su lokacin da aka sami intanet mai kyau, a karanta daga baya.

Aiki ɗaya, a kai shi ƙarshe

Takardun shaidar kwasa-kwasan intanet suna da amfani kaɗan, domin kowa na iya tara su. Abin da ke bambanta takardar mutum shi ne ƙaramin aiki guda da ya fara ya gama, ya ajiye a GitHub da bayanin tambayar da ya yi, inda ya samo bayanai, matakan da ya bi, da abin da ya gano. Gani ya kori ji.

A zaɓi tambayar daga abin da aka sani. Mai sha'awar zazzaɓin cizon sauro zai iya tattara jerin ƙwayar gadon kelch13 daga rumbunan jama'a. A 2014 aka gano cewa canje-canje a cikinta suna da alaƙa da bijirewar cutar ga maganin artemisinin a Kambodiya, kuma daga baya an ga irinsu a Ruwanda da Yuganda. Ɗalibi zai iya jera samfuran ƙasashe daban-daban ya nuna waɗanne canje-canje ne ke ina. Ɗan aikin gona yana da jinom ɗin dawa da aka wallafa a 2009, na gero a 2017 ƙarƙashin jagorancin ICRISAT, wadda ke da cibiya a Sadore kusa da Yamai, da na wake a 2019, wanda aka karanta daga irin da IITA ta samar. Zai iya ɗaukar dangin ƙwayoyin gado guda da ke da hannu a jure fari ya kwatanta su tsakanin dawa da gero. Mai sha'awar annoba zai iya zana bishiyar dangantaka ta samfuran korona ko zazzaɓin Lassa daga Afirka ta Yamma.

Hanya mafi aminci ga mai farawa ita ce ya ɗauki wata maƙala da aka wallafa tare da bayananta, ya yi ƙoƙarin sake fitar da zane ɗaya daga ciki. In ya yi daidai, ya koyi hanya. In bai yi ba, neman dalili zai koya masa fiye da haka. Kada a ɓoye inda aka gaza a cikin bayanin aikin, domin malamai sun fi yarda da ɗalibin da ya san iyakar sakamakonsa.

Gargaɗi ɗaya: a tsaya kan bayanan da aka riga aka saki ga jama'a. Bayanan marasa lafiya daga asibiti ko ɗakin gwaji ba a ɗora su a intanet sai da izinin kwamitin ɗa'a, kuma DNA na mutum ɗaya yana tona asirin danginsa duka.

Turanci da Faransanci

Ko a Faris ake karatun, maƙalun fannin da littattafan jagoran manhajoji da saƙonnin kuskure da kwamfuta ke fitarwa duk da Turanci suke. Ɗalibin da ya yi makarantar Faransanci ya sa wa kansa karanta maƙala ɗaya ta Turanci kowane mako tun daga watan farko, ya taƙaita ta a layi goma. Zai iya fara koyon fannin da harshen da ya saba: dandalin FUN na Faransa ya ɗauki darussan Python da na bayo'infomatik daga masana cibiyar Inria. Jami'o'in Turanci sukan nemi IELTS ko TOEFL, kuma maki 6.5 a IELTS shi ne abin da aka fi nema. Sakamakon shekara biyu yake aiki, don haka kada a yi jarrabawar da wuri ƙwarai.

Ɗalibin Gana ko Najeriya da ke son Bamako, Dakar ko Faransa zai buƙaci Faransanci, galibi matakin B2 a jarrabawar DELF ko TCF. Bahaushen da ya tashi a bakin iyaka yana jin harsunan biyu ko da sama-sama ne yana da jari a hannu. Cibiyoyin yankin suna aiki tare a kan cututtukan da ba su san iyaka ba, kuma suna neman wanda zai iya zama a taro a Akara ya rubuta rahoto a Yamai. A rubuta wannan a takardar neman gurbi.

Ina ake karatun?

Ba dole sai an bar nahiyar ba. A Bamako, jami'ar USTTB tana da cibiyar ƙwarewa ta bayo'infomatik da aka buɗe a 2015 da haɗin gwiwar hukumar binciken lafiya ta Amurka, kuma tana ba da masta. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai WACCBIP, wadda ke horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku kan ƙwayoyin cututtuka masu yaɗuwa. A Najeriya akwai ACEGID a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, haifaffen Kamaru. Nan ne aka karanta jinom ɗin korona na farko daga Afirka a watan Maris na 2020. Jami'ar Covenant da ke Ota ma ta daɗe a fannin. A gabas akwai Makerere a Yuganda da Pwani a Kenya, a kudu kuma Jami'ar Cape Town da cibiyar SANBI ta Jami'ar Western Cape.

'Yan lissafi su duba AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana kuma da rassa a Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda. Karatunta na lissafi ne, amma tana ɗaukar nauyin ɗalibanta, kuma tsani ce mai kyau zuwa digiri na uku. A Faransa, jami'o'in Paris-Saclay, Bordeaux, Toulouse, Montpellier, Rennes da Lyon suna cikin masu masta a fannin.

Kafin zaɓe, a karanta jerin darussan kowane shiri. Wasu an gina su don 'yan ilimin halitta da za a koya wa kwamfuta, wasu don 'yan lissafi da za su ƙirƙiri sababbin dabaru. A tambayi ko shirin yana da babbar kwamfuta da ɗalibai ke amfani da ita, su waye ke duba kundin bincike, da inda waɗanda suka gama suke yanzu. Don samun gogewa kafin nan, akwai cibiyoyi irin su CERMES a Yamai, Centre Pasteur na Kamaru mai reshe a Garwa, Noguchi a Akara da Institut Pasteur na Dakar.

Takardu da tallafin karatu

Tsarin karatun ƙasashenmu ya bambanta. A ƙasashen Faransanci lisans shekara uku ce, masta biyu. A Gana da Najeriya digiri na farko galibi shekara huɗu ne. Saboda haka wasu jami'o'in Turanci kan ce wa mai lisans ya kammala shekarar farko ta masta tukuna. A rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai a tambaya tun kafin a biya kuɗin fom.

Matsalar da ta fi damun 'yan kan iyaka ita ce rubutun suna. Mutum ɗaya zai kasance Ousmane a takardar haihuwa, Usman a takardar sakandare, Osman a fasfo. Wani kuma ranar haihuwarsa ta bambanta tsakanin takardu, musamman in ta hanyar hukuncin kotu aka yi masa takardar. Na'urar tantancewa da jami'in biza ba su san cewa duk sunan ɗaya ba ne. A gyara wannan ta hanyar hukuma watanni kafin lokaci. Fassarar takardu kuma a ba wa mai fassara da hukuma ta amince da shi.

Tallafin karatu fasfo yake dubawa, ba harshen gida ba. Tallafin Commonwealth ya shafi 'yan Gana, Najeriya da Kamaru, amma ban da Nijar da Chadi. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana da shiri ga 'yan ƙasashen da ke cikinsa, da wani ga al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mambobi ba. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai a buɗe yake ga kowace ƙasa, kuma yawancin shirye-shiryensa suna karɓar takardu tsakanin Oktoba da Janairu. Tallafin Eiffel na Faransa jami'ar ce ke gabatar da sunan ɗalibi, don haka sai an fara shawo kanta. Akwai DAAD ta Jamus, wadda ke biyan karatu har a jami'o'in Afirka, da gidauniyar Mastercard. Mata su san da OWSD, mai tallafa wa mata a digiri na uku. Sharuɗɗa suna canzawa kowace shekara, don haka a karanta su a shafin hukumar da kanta. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya samo maka tallafi, ka riƙe aljihunka.

Wasiƙun shaida biyu ko uku ake nema. Malamin da ya duba aikinka na ƙarshen digiri ya fi shugaban tsangaya da bai san fuskarka ba. A sanar da shi wata biyu kafin wa'adi, a tura masa aikin da aka yi don ya sami abin faɗa. Wasiƙar bayyana manufa kuma ta amsa abu uku a shafi ɗaya: wace tambaya ce ke damunka, me ka riga ka yi a kanta, me ya sa sai wannan shiri. In za a rubuta wa malamin da ake son aiki da shi, a karanta maƙalarsa ɗaya tukuna, a gajarta saƙon, a haɗa da adireshin aikin da ke GitHub.

Yadda za a raba shekarar

Ga mai aiki ko mai hidimar ƙasa da zai iya ware awa ɗaya da rabi a rana, ga tsari mai yiwuwa. Wata na 1 da na 2 na Linux ne da fara Python, tare da tattara takardu da gyaran suna. Daga wata na 3 zuwa na 5 a ci gaba da Python da tambayoyin Rosalind, a haɗa da ƙididdiga ko ilimin halitta, gwargwadon inda raunin yake. Wata na 6 zuwa na 8 na aikin bincike ne. A wata na 9 a yi jarrabawar harshe, a tsayar da shirye-shirye biyar ko shida da za a nema, wasu a nahiyar, wasu a waje. Wata uku na ƙarshe na wasiƙu ne da cike fom. Mai son fara karatu a Satumba ya ƙirga baya daga Disamban shekarar da ta gabace ta, domin a lokacin ne manyan tallafi ke rufewa.

Koyo shi kaɗai yana da gajiyarwa. Mutum biyu ko uku, ɗaya daga ilimin halitta ɗaya daga kwamfuta, za su iya koyar da juna ko ta WhatsApp ne. Ƙungiyar ASBCB ta masana fannin a Afirka tana shirya taruka da horo, kuma ta nan ake jin labarin gurabe.

Bayan digirin

Ya kamata a shiga da ido buɗe. Guraben aiki masu wannan suna ba su da yawa a ƙasashenmu, kuma akasarinsu sun dogara da kuɗin ayyukan bincike da ke zuwa daga waje, wanda kan ƙare in wa'adinsa ya cika. Mai son jagorantar bincike zai buƙaci digiri na uku. A ɗaya ɓangaren, tun da Africa CDC ta ƙaddamar da shirinta na karanta jinom ɗin ƙwayoyin cuta a 2020, na'urori sun isa ɗakunan gwaje-gwajen ƙasashe da yawa, kuma kowace na'ura tana buƙatar mai fassara abin da ta fitar. Wanda ya iya Python da R da ƙididdiga kuma ba zai rasa aiki a hukumar lafiya, cibiyar binciken noma, ofishin ƙididdiga ko kamfani ba.

Matakin farko ba ya buƙatar biza ko kuɗin makaranta. A buɗe shafin NCBI, a nemo HBB, a sauke jerin haruffansa, a lalubo GAG ɗin nan da ke gurbi na 6.